Ƙahon Da Suka Kafa Wa Mijina Ina Wajen Sayar Da Abinci

A lokacin da abin nan ya faru, ni mai tuwo-tuwo ce a garin Sabha na ƙasar Libiya. Ni da maigidana muna zaune a ɗaki guda cikin wani gidan haya a unguwar Abdulkafi, gidan da duk mutanen ƙasarmu ne a ciki, yawancinsu 'yan Damagaram da kewaye. Shi aikin shimfiɗa karo yake yi a gine-ginen Larabawa, abin da mutanen Najeriya ke ce wa tayil, ni kuma in dafa tuwo da shinkafa da wake, in zuba a kula, in hau motar haya in kai wa leburori a wuraren gini na Sukra da rana. 'Ya'yanmu suna gida wajen mahaifiyata. Kowa a wajen ya san bakina. Lebura bai isa ya ci abincina ya yatsina fuska ba, direba bai isa ya wurgar mini da kula ba, sai na wanke shi tas da Hausa da ɗan guntun Larabcin da na tsinta a kasuwa. Mutum ɗaya ne tak bakin nan nawa ba ya aiki a gabansa, shi ne wan maigidana, wanda muke ce wa Yaya. Tun ina amarya aka koya mini cewa wan miji suruki ne, ba a haɗa ido da shi, ba a musa masa magana, in ya shigo a durƙusa a gaishe shi a kauce. Haka na riƙe, kuma har alfahari nake yi da hakan.

Yaya shi ya kawo maigidana Libiya, shi ke samo musu aiki wajen Larabawa, shi ne babba a gidan. Abin da ya faɗa shi ake yi. Kuma mazan gidan suna da wata al'ada tasu ta ranar Juma'a. In an sauko daga masallaci sai su baje tabarmi a tsakar gida, mutum ya kwanta rub da ciki, ɗan'uwansa ya dafa bango ya hau bayansa yana tattaka shi da ƙafa, ƙashi yana ƙara, ana ta dariya da tsokana. Wai haka ake fitar da gajiyar mako. Sannan akwai wani wanzami, mutumin wajenmu ne, da yake zagayowa da zabirarsa, ya yi musu aski, ya kafa wa mai so ƙaho. In ya cire ƙahon ya juye gudan jini baƙi a ƙasa, sai a taru ana kallo ana cewa ga mataccen jini nan ya fita. Maigidana yana cikin masu son ƙaho sosai, domin mai aikin karo wuni yake yi a durƙushe, baya da gwiwa ba sa rabuwa da ciwo. Ban taɓa ganin aibin abin ba, ni ma mahaifina ƙaho yake yi duk shekara har ya tsufa.

Ciwon ya fara ne da kasala. Mutumin da yake tashi kafin kowa sai ya zama sai na tashe shi. In ya yi asuwaki sai dasashinsa ya yi ta zubar jini, ga haɓo ba dalili, ga zazzaɓi mai zuwa yana komawa. Sai kuma jini ya fara kwanciya a jikinsa, tabo-tabo baƙi a cinya da baya da dantse, alhali ba faɗuwa ya yi ba, ba kuma abin da ya buge shi. Gefen cikinsa na hagu ya ɗaga ya yi tauri. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a wajen aiki ne na tasa shi gaba muka tafi asibiti. Aka ɗebi jini, aka sake ɗiba, muka yi ta zarya, har ranar da wata likita Balarabiya ta zaunar da mu, ta kirawo wata ma'aikaciya mai jin Hausa domin kada wata magana ta wuce mu. Ta ce sankarar jini ce. Ta ce abin da ke sa jini ya daskare in an ji rauni ya kusa ƙarewa a jikinsa, shi ya sa jini ke kwanciya ƙarƙashin fata, kuma ƙwayoyin da ke kare jiki daga cuta su ma sun lalace, ƙaramin rauni zai iya zama masa ajali. Kumburin cikin kuwa saifa ce, kada a kuskura a danna ta. Da yake ta san mutanenmu, da kanta ta ambaci ƙaho. Ta ce ba ƙaho, ko na tsaga ko busasshe, ba aska, ba tausa mai ƙarfi, ba maganin ciwon jiki na kanti sai wanda ta rubuta. In ciwo ya dame shi, in shafa masa jiki a hankali da tafin hannu, shi ke nan. Za su ƙara masa jini ya ɗan farfaɗo, sannan su tura shi Turabulus inda za a fara ainihin magani. Ba ta yi mana alkawarin warkewa ba, amma ta ce akwai fata, in dai ya isa can da ƙarfinsa.

Da muka dawo gida na sami Yaya a ƙofar ɗakinsa, na durƙusa, kaina a ƙasa, na kwashe duk abin da likita ta faɗa na gaya masa, ban rage komai ba. Allah shi ne shaidata, na faɗa masa ba ƙaho, ba tattaka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi 'yar dariya. Ya ce ai likitar da bakinta ta ce jinin ne ya lalace, to wane magani ne ya wuce a fitar da lalataccen jini? Ya ce in dubi tabon da ke jikin ƙaninsa, ko makaho ya shafa ya san mataccen jini ne ya taru yana neman hanyar fita. Ya ce saifa kuwa tun suna yara wanzami ke tsaga musu ita ta sace. Ya ce su Larabawan da nake jin maganarsu, ba ga shagunan ƙaho nan cike da kasuwar Sabha ba, su da kansu suke layi? Sannan ya rufe da abin da ya san zai ɗaure mini baki, ya ce ƙaho sunna ce, ko ina so in ce likita ta fi sunna? Jama'a, ina da amsar kowace magana tasa, suna nan a kan harshena. Ni da nake tsayar da direba a tsakiyar titi a kan murfin kula. Amma sai na ce to, Allah Ya sa mu dace, na tashi na koma ɗaki. Wannan "to" ɗin har yau in na tuna ta sai in ji kamar in mari kaina.

Maigidana ya shiga tsaka mai wuya. Ya ji bayanin likita da kunnensa, ya kuma tsorata, amma ciwon ƙashi yana cinsa, kuma jikinsa ya saba da abin da ke ba shi sauƙi. Yakan ce mini da za a ɗan taka masa baya sau ɗaya da ya ji daɗi. Sai in ɗauko man zaitun in shafa masa ƙafafu da kafaɗu a hankali yadda aka nuna mini, yana yi mini tsiya wai hannuna da ke tuƙa tuwon mutum hamsin yau shi ne ya koma kamar na jinjiri. Na sa shi ya yi mini alkawari ba zai yarda kowa ya taɓa shi ba, ya yi. Na manta cewa shi ma ƙane ne, kunyar da nake ji ta Yaya shi ma yana jin ta, har ma da nauyin cewa Yaya ne ya kawo shi ƙasar. Na daina fita na wasu kwanaki ina tsaronsa, Juma'a ta zo na zauna a bakin ƙofa kamar mai gadi har wanzami ya gama ya tafi. Amma ciki ba ya jira, ga tafiyar Turabulus tana matsowa, dole na koma sana'a.

Ba ranar Juma'a suka yi ba, don sun san ina gida. Ranar aiki suka zaɓa. Da safe Yaya ya leƙo ya ce yau ba zai fita ba, in tafi sana'ata hankali kwance, shi zai zauna da marar lafiya. Wallahi har daɗi na ji, na ce a raina ashe ya sauko. A wajen jiran mota na haɗu da wanzamin da zabirarsa a kafaɗa, ya gaishe ni, ya tambaye ni mai jiki, na ce da sauƙi, har na yi masa godiya. Ya nufi hanyar gidanmu ina kallonsa, ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. Na je na sayar da abincina, na yi ta faɗa da leburori a kan ƙarin miya, ina can ina ɓaɓatu a kan abin banza alhali ana nan ana yanka mini miji.

Da la'asar na dawo. Tun daga ƙofar gida na ga takalman maza a bakin ɗakinmu, kuma gidan ya yi tsit. Na ajiye kula na ɗaga labule. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yana kwance rub da ciki, tabarmar ta jiƙe, zannuwana biyu da suka danna masa sun rine, ga tsummoki a gefe duk jini. Bayansa ya zama baƙi-ƙirin daga kafaɗa har ƙugu. Daga baya na ji yadda suka yi. Sai da suka fara tattaka shi tukuna, wai don jinin ya taru wuri ɗaya, sannan wanzami ya bi duk inda tabo yake ya kafa ƙaho ya tsaga, ya kuma juya shi ya tsaga gefen ciki a kan saifa. Tun ƙahon farko jinin bai yi guda ba, ya fito tsararo kamar ruwan zoɓo, ya ƙi tsayawa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana wannan sana'a, ya ga abin da bai saba gani ba, maimakon ya ajiye aska sai ya ce alamar cutar ta yi yawa ce, ya ci gaba da tsagawa. Da abin ya fi ƙarfinsu suka ɗebo toka daga murhuna suka cusa a raunukan, wani ya kawo garin kofi aka barbaɗa. Tun kafin azahar suke wannan, ba wanda ya kira ni a waya, ba wanda ya nemo mota. Suna zaune suna jiran jini ya tsaya da kansa, don suna tsoron in an je asibiti a tambayi wa ya yi wannan aiki, a kuma tambayi takardun zama.

A ranar na fara kallon fuskar Yaya ido cikin ido, bayan shekarun da na yi a gidansu. Ban san abin da na faɗa duka ba, na dai san na kira shi da sunansa na yanka, na ce masa ya kashe ƙaninsa. Wanzamin kuwa ina cikin ihu ya tattara ƙahonninsa ya sulale. Na fita titi ba mayafi, na yi ta dukan ƙofar wani maƙwabcinmu Balarabe, Allah Ya saka masa da alheri, shi ya fito da mota muka ɗauke shi. A asibiti likitar nan da ta ɗaga rigarsa ta ga toka da kofi a cikin tsaga, sai ta juyo kaina. Ba ta buƙaci mai fassara ba, na gane komai. Tana tambayata ba ta gaya mini ba? Ba ta zaunar da ni ta gaya mini ba? Na tsaya ina hawaye, ban iya ce mata ba ni ba ce, domin a raina na san da ni a ciki.

Sai aka ce a kawo masu ba da jini, da gaggawa, da yawa kuma. Na miƙa hannuna, aka gwada aka ce ni ma jinina bai isa a ɗiba ba. Na koma gida da gudu na sami mazan nan a tsakar gida, na roƙe su. A nan ne na ga abin da har in mutu ba zan manta ba. Mutanen da duk Juma'a suke miƙa wa wanzami baya ya zuƙe musu jini a zubar a ƙasa kaji su tsattsaga, su ne suka fara kame-kame. Wannan ya ce jinin asibiti jini mai rai suke ɗiba, in aka ɗiba ba zai iya ɗaukar buhun siminti ba. Wancan ya ce ba shi da takarda, in ya shiga asibiti 'yan sanda za su kama shi. Wani ya ce jiri yake ji tun safe. Haba jama'a! Kun iya taruwa ku fitar masa da jini, amma ba za ku iya taruwa ku mayar masa ba? Na san tsoron takarda gaskiya ne a ƙasar nan, na ga waɗanda aka kwashe, amma ai ƙafafunsu ne suka hau bayansa. Waɗanda suka ba da jini su ne 'ya'yan maƙwabcin nan Balarabe, da wani ɗan kasuwa Bakano da ke sayen abincina, da leburori kaɗan daga Sukra da suka ji labari. Yaya ya zo daga baya, ya kwanta aka ɗiba, fuskarsa a bango. Na faɗi wannan ne don kada in ci haƙƙinsa.

Jinin ya lafa, har na fara sa rai. Amma tsagar nan ba ta warke ba. Ta kumbura, ta yi ja, ta fara ruwa da mugunya, zazzaɓi mai zafi ya rufe shi. Likita ta ce cuta ta shiga jini ta raunukan, kuma jikinsa ba shi da abin da zai yaƙe ta, ga kuma jinin da ya taru a cikin ciki saboda tattakar da aka yi masa. Ranar da aka sa za mu tafi Turabulus ta zo ta wuce yana kwance bai san wanda ke kansa ba. Aka yi ta allurai da ƙarin ruwa. Wata safiya ya farfaɗo, ya gane ni, ya nemi ruwa na ɗiga masa. Ya ce in yafe masa, ya karya alkawari, Yaya ne ya zauna kusa da shi yana cewa ko ya raina shi ne, shi kuma ya kasa ce masa a'a. Sannan ya riƙe mini yatsa ya ce in yafe wa Yaya, don so ne ya sa shi. Na ce masa to. Bai kai la'asar ba ya cika. A Sabha aka binne shi, 'ya'yansa ba su ga gawarsa ba.

A zaman makoki ina cikin ɗaki ina takaba, ina jin mazan a tsakar gida. Kowa ya zo sai ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, ba mai wuce ranarsa. Amma sai na ji wani yana cewa ai an yi ƙoƙari, baƙin jinin da aka fitar ba kaɗan ba ne, da an bar shi a gida ya huta da wataƙila ya tashi, allurar asibiti ce jikinsa bai ɗauka ba. Kai! Daga bayan labule na ɗaga murya, na ce duk wanda ya sake faɗin wannan magana a gidan nan Allah Ya isa tsakanina da shi. Na faɗi abin da likita ta hana, na faɗi wanda na gaya wa, na faɗi ranar da suka zaɓa da dalilin zaɓenta, gaban baƙi da kowa. Aka ce zafin mutuwa ne ya taɓa ni. Wani malami dattijo da ya zo gaisuwa, na aika aka tambayar mini shi ko na yi saɓo da na ƙi ƙahon. Ya ce ƙaho magani ne ga wanda ya dace da shi, amma addini bai ce a yi wa mutum abin da masana suka tabbatar zai cutar da shi ba. Amsar da ya kamata in nema ke nan tun ranar da Yaya ya rufe mini baki. Wanzamin kuwa ya ɓace na ɗan lokaci, kafin in bar Sabha na ji ya ci gaba da zagayensa a wata unguwa.

Yanzu ina gida tare da 'ya'yana. Ba zan yi ƙarya in ce da ba a yi ƙahon ba da maigidana ya warke, sankara ba ƙaramar cuta ba ce, Allah kaɗai Ya san abin da zai faru a Turabulus. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba a bar shi ya je ba. Don haka ina kira ga duk wanda ke da marar lafiya mai sankarar jini, ko wata cuta da ke hana jini tsayawa: baƙin tabon nan ba mataccen jini ba ne, alama ce cewa ko ƙwarzane zai iya zama bala'i. Kada a kafa masa ƙaho, kada a tsaga shi, kada a taka masa baya ko a murza shi da sunan tausa, sai an tambayi likitan da ke duba shi. In kun ga mutum yana haɓo, dasashinsa na jini, tabo na fito masa ba dalili, asibiti za ku kai shi, ba wajen wanzami ba. Ku kuma wanzamai, ku ji tsoron Allah, ku riƙa tambayar mutum ciwon da ke damunsa kafin ku zaro aska, in kun tsaga kun ga jini ya ƙi tsayawa ku tsaya ku ma. Ku 'yan'uwana mata, musamman waɗanda ke zaune a ƙasar mutane ba uwa ba uba kusa, in likita ya gaya muku magana kada ku faɗe ta kai a ƙasa kamar masu neman alfarma. Ku ja wanda yake babba a gidan ku kai shi wajen likitan ya ji da kunnensa, ku gaya wa kowa a gidan da ƙarfi, ku gaya wa wanzamin shi kansa. A ce ba ku da kunya, ku yarda.

Yaya yana aiko wa yara da kayan sallah, ina karɓa don haƙƙinsu ne. Yakan kira waya ya ce a ba ni, sai in ce ina aiki. Roƙon mijina na ƙarshe shi ne in yafe wa Yaya, na amsa masa da to. Kullum in na idar da sallah sai in ɗaga hannu da niyyar in cika masa, sai in ga bayan nan nasa cike da toka, in sauke hannuna. Ku taya ni addu'a, har yau ban yafe ba.